Filin Tambayar Likita: Kaluluwar da Ta Ƙi Sacewa a Jikin Mai Ɗauke da Sida

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu a kan sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma, da dangantakarta da ƙwayar cutar sida da wasu ƙwayoyin birus da ke zaune a jikin ɗan Adam. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata baiwar Allah a Garwa:

Assalamu alaikum, Likita. Ina da ƙane mai shekara 34, direban babbar mota ne tsakanin Garwa da Ngaundere. An gano yana ɗauke da ƙwayar cutar sida shekara huɗu da suka wuce, amma bai riƙe shan magani da gaske ba sai bara. Bayan ƙaramar salla wani kumburi ya fito masa a gefen wuya, ba ya ciwo, sai dai kullum ƙara girma yake yi. A wani ƙaramin asibiti aka ce tarin fuka ne ya sauka a kaluluwa, aka ɗora shi a kan magani, ga shi wata uku ke nan babu sauƙi, har wani kumburin ya fito a hammata, kuma da dare gumi yakan jiƙa masa zanin gado sharkaf. Yanzu wani likita ya ce yana zargin limfoma, ya ce a yanki naman a kai gwaji. Mahaifiyarmu ta ƙi, tana cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi sai ya bazu. Mece ce limfoma, kuma maganin sida ne ya jawo masa ita?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi a kansa. Abin da ya fi gaggawa shi ne a shawo kan Hajiya ta amince a yi gwajin nan ba tare da an ƙara ɓata makonni ba, domin babu hoton da za a ɗauka ko jinin da za a ɗiba da zai iya tabbatar da limfoma ko ya kore ta. Sai an ciro kaluluwar, ko wani yanki nata, masanin gwajin nama ya duba ta a ƙarƙashin madubin likita.

Tsoron da Hajiya ke ji yana da dalilinsa. Mutanenmu sun sha ganin an kai mara lafiya asibiti bayan ciwo ya ci jikinsa, an yi masa aiki, ya rasu cikin 'yan makonni, sai a ɗora laifin a kan wuƙar likita, alhali kuwa jinkirin da aka yi kafin a kai shi ne ya kashe shi. Limfoma musamman ba ta jiran ƙarfe kafin ta yaɗu, saboda ƙwayoyin da take fitowa daga cikinsu aikinsu ke nan kewaya jiki ta cikin jini, kuma ga shaida a gabanku, tunda kumburin ya tsallaka daga wuya zuwa hammata ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ƙarfen da ya kamata a guje wa shi ne na wanzami, wato tsaga da sakiya da ƙaho, waɗanda kan bar gyambon da ba ya warkewa a jikin wanda garkuwarsa ta yi rauni.

Ita limfoma sankara ce da ke tasowa daga wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ke zaune a kaluluwa da saifa da ɓargo da bangon hanji. Rukunin nan kashi biyu ne manya. Ƙwayoyin B su ne ke ƙera sinadaran da ke kama cuta idan ta shigo, ƙwayoyin T kuwa su ke ba da umarni, su kuma kashe duk wata ƙwayar jiki da ta lalace ko birus ya shige ta. Adadin CD4 da ake rubutawa a katin asibitin ƙanenki ƙidaya ce ta wani nau'in ƙwayoyin T, wanda a jikin mai lafiya yakan kama daga 500 zuwa 1,500, kuma su ne ƙwayar cutar sida ke shiga ta hallaka. Abin lura shi ne, mafi yawan limfomar da ke kama masu sida daga ƙwayoyin B take fitowa, waɗanda ita ƙwayar sidar ba ta shiga cikinsu. Ɓarnarta ta bayan fage ce: tana rage masu tsaro, sannan tana hana ƙwayoyin B hutawa, tana sa su yi ta rarrabuwa shekara da shekaru, kuma duk ƙwayar da ke yawan rarrabuwa tana kusa da yin kuskure a cikin kwafin halittarta.

A nan ne wani birus na biyu ke samun dama, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sai dai shi wannan tun muna yara yake cikin gidan. Sunansa Epstein-Barr, kuma tarihinsa daga nahiyarmu ya fara. A shekarar 1958 wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara. Daga naman da ya riƙa aikawa Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano birus ɗin a 1964, kuma shi ne birus na farko da aka danganta da sankara a jikin mutum. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi. Yakan shiga ƙwayoyin B ya kwanta a ciki har ƙarshen rayuwa, yana da sinadaran da ke tunzura ƙwayar da yake ciki ta yi ta haihuwa, amma a jikin mai cikakkiyar garkuwa ƙwayoyin T na kashe duk wadda ta fara wannan rashin ji tun ba ta je ko'ina ba. Idan sida ta karya wannan tsaro, sai ƙwayar da ya kamata a kashe ta rayu, ta hayayyafa, ta zama ƙari.

Saboda haka ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa limfoma mai saurin girma cikin cututtukan da ke nuna sida ta kankama tun a 1985. Kafin zuwan haɗaɗɗen maganin sida a 1996, haɗarin kamuwa da ita ga mai ɗauke da ƙwayar ya kai ninki sittin zuwa sama idan aka gwada da sauran mutane. Bayan yaɗuwar maganin, alkaluman cibiyar nazarin sankara ta Amurka sun nuna ya sauko zuwa kimanin ninki 12. Wannan ita ce amsar tambayarki ta biyu. Maganin sida bai jawo wa ƙanenki wannan ciwo ba, shi ne ma babban abin da ke rage aukuwarsa, kuma idan akwai abin da ya buɗe ƙofa, to shekarun nan uku ne da ya yi yana sha yana bari. Ban faɗi haka domin a zarge shi ba, don na san yadda rayuwar direban da ke kwana a hanya take, da yadda kunya ke hana mutum haɗiyar ƙwaya a gaban abokan aiki.

Game da maganin tarin fuka da aka ba shi, zargin farko da aka yi ba wauta ba ce. A yankinmu, idan mai sida ya zo da kumburin wuya da zazzaɓi da gumin dare da rama, tarin fuka ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma alamomin cututtukan biyu kusan ɗaya ne. Inda ake samun matsala shi ne a ci gaba da magani wata uku ko shida ba tare da an tabbatar da cutar a gwaji ba, kuma ba tare da an sake tunani ba alhali mara lafiya yana ƙara lalacewa. A ganina, duk kaluluwar da ta wuce girman ƙwallon dabino, mai tauri kamar roba, mara zafi, wadda ta fi yawa a ɓangare guda, kuma ba ta ragu ba bayan wata biyu ana shan maganin tarin fuka yadda ya kamata, ta cancanci a ciro ta a gwada. Kada ku dakatar da maganin tarin da kanku, domin mutum ɗaya na iya ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda. Likitan da zai ciro naman ya raba shi, wani a nemi tarin fuka a ciki, wani a kai wa masanin gwajin nama. Zuƙo ruwan kaluluwa da siririyar allura yana taimakawa wajen gano tarin fuka, amma sau da yawa ba ya isa a gane irin limfomar da ake fama da ita, kuma irinta ne ke nuna maganin da za a bayar.

Akwai wani abu da nake roƙonki ki bincika yau ɗin nan. Ki tambayi ƙanenki ko yana shan deksametazon ko firednizon, irin ƙwayoyin nan da ake saye a hannun masu tallar magani a tasha domin ciwon jiki ko neman ƙiba. Waɗannan magunguna suna narkar da limfoma na ɗan lokaci, kumburi ya sace, iyali su yi murna, sannan ya dawo da ƙarfinsa, kuma idan aka ciro nama a wannan tsakani sakamakon kan fito a rikice. Ya faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha da tsawon lokacin da ya yi yana sha, don wanda ya daɗe a kansu ba a tsayar masa da su farat ɗaya. Ana iya ciro naman a babban asibitin jiha, a aika da shi inda ake da masanan gwaji, kamar Cibiyar Pasteur da ke Yawunde, wadda ke da reshe a Garwa. Ku karɓi lambar samfurin, ku riƙa bin sawun sakamakon da kanku.

Tambaya ta biyu, daga wata matar aure a Marwa:

Likita, barka da aiki. An tabbatar maigidana yana da limfoma, kuma an ce birus ɗin da ke cikin yawu ne sanadi. Ni ba ni da sida, an gwada ni sau da yawa. Surukata ta ware masa kwano da kofi, ta hana yaranmu uku shiga ɗakinsa. Za mu iya ɗaukar ciwon daga gare shi?

Amsa:

Barka kadai, Malama, Allah ya ba maigida lafiya. Limfoma ba a ɗaukarta, ko ta yawu, ko ta kwano, ko ta kwanciyar aure. Gaskiya ne birus ɗin Epstein-Barr ta yawu yake yaɗuwa, amma a ƙasashenmu yawancin yara sun riga sun kamu da shi kafin su kai shekarun shiga makaranta, ta hanyar sumbar iyaye, da tauna wa jariri abinci, da shan ruwa a moɗa ɗaya, kuma galibi ba tare da ko zazzaɓin kirki ba. Kusan tabbas ne ke da surukarki da yaran duk kuna ɗauke da shi tun tuni, kuma ba zai yi muku komai ba muddin garkuwarku na nan da ƙarfinta. Ware kwanon ba zai kare kowa daga komai ba, abin da kawai zai ƙara shi ne kaɗaici ga mutumin da ke buƙatar ganin 'ya'yansa. Har yau babu allurar rigakafin wannan birus da aka amince da ita, kuma babu amfanin ku je a gwada ku a kansa.

Tunda kin ambaci yawu, bari in ƙara miki da birus na biyu da ke bin wannan hanya, wato HHV-8, wanda Yuan Chang da Patrick Moore suka gano a 1994 a Jami'ar Kolambiya da ke Amurka. Shi ne ke haddasa sankarar Kaposi, mai fitar da baƙaƙen tabo a ƙafa da dasashi, sannan yana haddasa wata limfoma da ba kasafai ake ganinta ba, wadda ba ta yin ƙari, sai dai ta tara ruwa a ƙirji ko ciki ko jakar zuciya. Shi ma yana da yawa a Afirka ta Tsakiya, kuma shi ma yawancin masu ɗauke da shi har su tsufa ba sa sanin yana nan.

Tsare-tsaren da suka dace da gidanku akasin na surukarki ne, domin maigidan ne ke cikin haɗarin ɗaukar cuta daga wurinku idan ya fara karɓar maganin sankara. Yaron da ke tari ko gudawa ko ƙyanda ko ƙaranbau a nisanta shi da ɗakin har ya warke, a wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci, a tafasa ruwan shansa, a bar shi da dafaffen abinci mai zafi, kuma ya kwana cikin gidan sauro. Ke kuwa, kariyarki daga sida tana cikin riƙon da ya yi wa maganinsa, domin wanda gwaji ya nuna ƙwayar ta yi ƙasa har ba a iya ganinta a jini ba ya sa wa matarsa ita ta hanyar aure. Kafin a kai wannan matsayi ku yi amfani da kororon roba.

Tambaya ta uku, daga wani malamin makaranta a Ngaundere:

Shekara tara ina shan magani ba fashi, ƙwayar ba ta bayyana a jinina, CD4 ɗina ya haura 600. Duk da haka an ce ina da limfomar Hodgkin, za a tura ni Yawunde. Ta yaya haka ta faru? Kuma wani abokina ya ce in ajiye maganin sida har in gama na sankara, don kada su haɗu su kashe min hanta.

Amsa:

Malam, Allah ya ƙara haƙuri, ya sa kaffara ne. Ba ka yi sakaci ba, kuma wahalar shekara tara ba ta tafi a banza ba. Limfoma iri-iri ce, kuma ba duka ne ke jiran garkuwa ta faɗi warwas ba. Wadda ke fitowa a ƙwaƙwalwa, wadda kusan kowace ɗaya akan sami Epstein-Barr a cikinta, tana kama waɗanda CD4 ɗinsu ya sauka ƙasa da 50, kuma ta ragu ƙwarai tun zuwan magani. Ita kuwa ta Hodgkin, mai sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1832, ba ta ragu haka ba. Ana ganinta a jikin masu shan magani da CD4 mai kyau, haɗarinta ga mai ɗauke da sida ya kai kimanin ninki takwas, kuma a mafi yawansu akan sami wannan birus a cikin ƙwayoyin ƙarin. Magani yana mayar da adadin masu tsaro, amma ba lallai ya mayar da duk ƙwarewarsu ta sa wa Epstein-Barr ido ba. Ribar da ka ci ita ce za ka shiga jinya da jiki mai ƙarfi, kuma bincike ya nuna mai sida da ke riƙe da maganinsa yana warkewa daga Hodgkin daidai da wanda ba shi da sida idan an ba su magani iri ɗaya. Tana cikin sankarorin da aka fi samun nasarar warkarwa.

Shawarar abokinka kuwa kada ka bi ta. Ana haɗa magungunan biyu ne, abin da likita zai duba kawai shi ne irin ƙwayar da kake sha. Idan haɗin nan ne na ƙwaya ɗaya mai ɗauke da tenofobir da lamibudin da dolutegirabir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019, to yana tafiya da maganin sankara lafiya lau. Idan kuwa a cikin naka akwai zidobudin, mai rage jini, ko ritonabir, mai sa wasu magungunan sankara su taru a jiki fiye da kima, za a canza maka. Game da hantar da abokinka ke tsoro, haɗarin na gaske yana wajen ajiye maganin. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a jihohinmu na arewa, maganin sankara yana iya tayar da shi daga barci, kuma tenofobir da lamibudin su ne ke danne shi; wanda ke ɗauke da shi ya ajiye su rana tsaka yana iya samun mummunan kumburin hanta. Ka nemi a gwada ka ciwon hanta na B da na C kafin a sa maka ruwan maganin sankara na farko.

Maganin Hodgkin da aka fi bayarwa haɗi ne na magunguna huɗu da ake kira ABVD, ta jijiya, duk mako biyu, na tsawon watanni, wani lokaci a ƙara da gashin haske. Limfomar da ta fi yawa a masu sida, mai manyan ƙwayoyin B, ita wani haɗin magungunan da ake kira CHOP ake ba ta duk kwana 21, yawanci sau shida, tare da ƙarin wani magani mai suna ritukzimab ga wanda ya samu hali. Maganin sida kyauta ne a Kamaru tun watan Mayun 2007, amma na sankara yana da tsada, kuma tsallake zango, wato zagaye ɗaya na karɓar maganin, saboda kuɗi sun yanke yana ba ciwon damar dawowa da taurin kai. Don haka kafin ka hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ku zauna da dangi a lissafa kuɗin jinyar gaba ɗaya, da masauki, da wanda zai zauna da kai, sannan ka karɓi takarda daga cibiyar da kake karɓar magani domin kada ƙwayoyinka su yanke a can. Za a ɗora ka a kan kotirimokzazol, maganin da ke kare mai raunin garkuwa daga wasu cututtuka, ko da CD4 ɗinka na da kyau. Kuma duk ranar da zafin jikinka ya kai digiri 38 a tsakanin zango da zango, ka tafi asibiti a wannan daren, kada ka sha farasitamol ka jira wayewar gari.

Tambaya ta huɗu, daga wani manomin shinkafa a Yagwa:

Ɗana mai shekara shida kumatunsa ya kumbura cikin mako uku, haƙoransa suna girgiɗi. An gwada shi ba shi da sida, mu ma ba mu da ita. Wani ma'aikacin lafiya ya ce yana iya zama limfoma. Ashe ba ciwon masu sida ba ne?

Amsa:

Alhaji, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ainihin ciwon da Burkitt ya gani a Kampala, kuma a yara ba ya buƙatar sida. Abokin aikin Epstein-Barr a nan shi ne zazzaɓin cizon sauro mai yawan maimaituwa, irin wanda yaran bakin kogin Logon ke fama da shi kowace damina; yana raunana tsaron da jiki ke yi wa birus ɗin, yana kuma tunzura ƙwayoyin B har wani yanki na kwafin halittarsu ya sauya wuri, sai su riƙa rarrabuwa ba tsayawa. Ya fi kama yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, maza fiye da mata, kuma yana cikin sankarorin da suka fi kowace saurin girma, don ƙwayoyinsa na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saurin nan ne kuma ke sa yake jin magani sosai, har kumburin kan fara sacewa cikin 'yan kwanaki bayan allurar farko.

Kada a cire masa haƙori, kada a yi masa sakiya, kada kuma a tsaya gwada maganin ƙurji mako bayan mako. Ka kai shi babban asibitin jiha a Marwa cikin kwanakin nan, a duba cikinsa da na'urar hoto domin ciwon yakan sauka a hanji da ƙoda, a ɗauki samfurin kumburin, sannan ka nemi takardar tura shi sashen sankarar yara, kamar wanda ke Cibiyar Uwa da Yaro ta Gidauniyar Chantal Biya a Yawunde. Idan kumburin ya ɓace bayan zango na farko ko na biyu, kada ku tattara ku dawo gida saboda aikin gona ya matso. Sai likita ya ce an kammala adadin alluran, domin wanda ya dawo bayan an yanke magani a tsakiya ya fi na farkon wuyar warkewa.